Ranar da Na Lashi Fentin Bature

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Ina aji huɗu a elementare a Ƙanƙara, Bature mai duba makarantu zai zo ya zaɓi yaro ɗaya da za a tura makarantar midil a Katsina. Ni kuwa na riga na ba kaina kujerar.

Wata guda Malam yana ɗura mana sunayen launuka da Turanci. Abin ya ba ni haushi. Ni ɗan marina ne, na san shuɗi da shunayya da algashi da rodi-rodi tun ban iya ɗaura zariyar wando ba, sai ga Malam, wanda bai taɓa tsoma hannu a shuni ba, yana zane ni a kan bulu da yalo. Na haddace su dai, da cizon haƙora.

Bature ya zo da ɗan akwatin fenti. Ya dama bulu da yalo a gwangwani, ya ce wa zai faɗi sunan abin da ya fito. Na miƙe tun bai rufe baki ba. (Amsar tana kan harshena, wallahi, girin ce, wato kore.) To amma a gidanmu ba a yanke wa rini hukunci da ido, sai an ɗanɗana an ji ko ya nuna. Ban yi shawara da kowa ba, na tsoma yatsa na lasa.

Ajin ya fashe da dariya. Bature ya fizge gwangwaninsa, Malam ya ce, "Mi kake yi haka, ɗan nema? Miya ce?" Na buɗe bakina da ya yi kore shar in ba da amsa, kalmar ta gudu. Wani ɗan ajinmu, Sani ɗan Sheme, ne ya faɗe ta daga baya, shi ya tafi Katsina.

Na koma gida ina huci, na kai wa Baba ƙara. Ya ce in fiddo harshe. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Wanga rini ko kwana bai yi ba, mi za ka ji a cikinai? Ka ba ni kunya."

Shekara arba'in na yi a marina bayan nan. Na koyi cewa in an tambaye ka suna, suna za ka faɗa. Girin kuwa ban sake mantawa da ita ba, sai dai ba wanda ya ƙara tambayata.