Yadda Za Ka Ɓatar da Goggonka a Cikin Hoto

Ina tabbatar maka, idan ka bi matakan nan a jere, za ka ƙarar da fim mai hoto talatin da shida ba tare da fuskar goggonka ta bayyana ko sau ɗaya ba. Na jarraba su a Garwa cikin bazarar 1994, a kan Goggo Ƙaltume wadda ta raine ni. Ɗanta Brahim ya shekara tara a Libreville, ya aiko yana roƙon abu ɗaya: hoton mahaifiyarsa. Direban da zai kai saƙon kuwa Asabar zai tashi.

1. Ka mallaki digiri, ka rasa aiki.

Wanda bai yi boko ba yakan yi tambaya, hotonsa ya fito. Kai ka wuce nan. Ka ari kyamara wurin mai shagon hoto, kamar yadda na ara wurin Raphaël. Da ya fara cewa, "Purofesa, ka zaunar da ita a inuwa, ka auna hasken a tafin hannunka," ka katse shi, ka sanar da shi cewa ka yi shekara uku a Yawunde kana karantar haske.

2. Ka haddace lissafin.

Abu uku ke yin hoto: faɗin buɗewar idon kyamara, saurin ƙiftawarsa, da ƙarfin fim. Idan ka ninka hasken da ke shiga ta ido, sai ka rage rabin lokacin ƙiftawa, lambar haske ta zauna yadda take. Ka bayyana wa goggonka wannan tana tsaye a rana. Za ta ce, "Yusufa, hoton ne wannan ko tukuna?" Ka ce tukuna.

3. Ka zaɓi farin bango da tsakar rana.

Ma'aunin kyamara ya ɗauka duniya duka ruwan toka ce. Da ya ga farin bango da farin mayafi sai ya tsorata, ya ce ka tsuke ido. Ka yi masa biyayya. Mayafi zai fito tas, har zanen bakinsa, a tsakiya kuma duhu. Hoto goma sha biyu ke nan.

4. Ka yi kokwanto, ka wangale.

Mai ilimi ba ya rabuwa da shakka. Ka buɗe idon har ƙarshe. Yanzu bango da mayafi da goggo za su narke su zama farar takarda, sai 'yan kunne biyu a sararin Allah.

5. Ka shigar da ita ɗaki.

Ka sa ƙiftawar ta kai daƙiƙa guda, ka riƙe kyamarar da hannu, daidai lokacin da take korar kaza daga tabarma. Za ka samu mace mai kai uku, kuma babu nata a ciki.

6. Ka kare aikinka.

Ranar Alhamis, da aka wanko hotunan, ka shimfiɗa mata su ka ce salon Turawa ne. Goggo ta daɗe tana duban mai 'yan kunnen, sannan ta ce, "Idan Brahim ya ga wannan, ai sadakar arba'in zai aiko. Wannan mai kai ukun kuma maƙwabta ne suka shigo?" Ta ɗauki mai duhun, ta shafa da yatsa. "Mayafin dai ya yi kyau. Shi ya saya mini. Ko shi ka aika masa, zai gane."

A nan ne tsarin ya sami rauni.

7. Kada ka yi abin da na yi.

Da hantsin Juma'a na je shagon Raphaël, na miƙa masa kyamararsa, na roƙe shi ya biyo ni. Ya sa sabon fim, ya zaunar da ita ƙarƙashin darbejiya, ya auna hasken a tafin hannunsa, ya ba ni farantin tuwo ya ce, "Purofesa, riƙe nan, karkato mata haske. Ƙasa kaɗan. Yauwa, digiri ya yi amfani." Goggo ta yi dariya, ya danna sau ɗaya. Asabar da safe na kai ambulan tasha da kaina.

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da alhakin duk goggon da ta ɓace ta hanyar matakai shida na farko, ko ɗan da ya yi kuka a Libreville saboda na bakwai. Mai ƙorafi ya same ni a shagon Raphaël. Ni ne mai riƙe da faranti.