Gaisuwar Alhaji Bamalli a Bayan Baƙin Gilashi

Duk unguwar Wambai babu mai hangen nesa irin Alhaji Bamalli. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba ya ƙarya sai da dalili. A shekarar da aka ce za a yi zaɓen kansiloli ta hanyar bin layi, kowa ya tsaya bayan ɗan takararsa, sauran 'yan takara suka shiga bin gidajen suna da zaman makoki. Alhaji ya dubi abin ya ga aikin ƙananan mutane ne. Shi mota zai gyara.

Doguwar motar Amurka ce mai fikafikai a baya, ya gaje ta daga mahaifinsa. Ta daɗe a ƙofar gida har kaji sun ɗauke ta dangi. Aka ja ta zuwa Gauraka wurin Sebastine makanike, wanda bai taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ba, shi ma aikin bai taɓa yarda ba.

"A cire wannan injin na zamanin En'e," in ji Alhaji. "A sa mata ɗan Beljiyam, sabo fil. A sa iyakwandishan, irin wanda ke sa mutum tari. Ni ba kansilan gumi ba ne."

Sebastine ya sa inji, ya sa giya, ya ɗaure abin da ya ƙi zama da waya. Sanyi kuwa ya samu, har Alhaji ya sayi rigar sanyi a tsakiyar bazara. Ranar karɓar mota ya ga hannayen sauke gilashi, ransa ya ɓaci.

"Wannan na mene ne?"

"Oga, na sauke gilas ne. In case."

"Mai sanyi ba ya sauke gilashi. Cire su duka. Kuma a liƙa baƙar leda, yadda na manyan Abuja suke."

Aka cire, aka liƙa. Daga ranar 'yan majalisar bakin kasuwa suka naɗa shi Sarkin Sanyi, shi kuma ya karɓi sarautar da hannu biyu.

A yi masa adalci, Alhaji mutum ne mai gaisuwa. Safe da yamma yana ratsa unguwa a hankali. In ya zo majalisar dattawa sai ya ɗaga hannu biyu, ya rusuna har hularsa ta taɓa sitiyari. In ya wuce gidan rasuwa sai ya dafa ƙirji, ya yi addu'a mai tsawo, wani lokaci har da ƙwalla. Duk wannan ladabi a cikin mota yake ƙarewa. Abin da mutanen Wambai ke gani shi ne baƙar mota ta rage gudu a gabansu, ta tsaya kamar tana ƙare musu kallo, ta wuce.

Matarsa Hajiya Ikilima ta gaya masa ana cewa ya daina gaida mutane. Ya yi dariya.

"Ni? Jiya kaɗai sai da kafaɗata ta yi ciwo don gaisuwa. Hassada ce, Hajiya. Talaka bai iya ganin sanyi ya yi shiru ba."

Abokin takararsa, Hashim, Vespa gare shi mai hayaƙi. Ba ta wuce majalisa ba tare da ta mutu ba, don haka dole ya sauka ya gaisa. Alhaji yana tausaya masa ƙwarai.

Ranar zaɓe Alhaji ya fito daga mota a filin makarantar firamare, ya gyara babbar riga, ya tsaya yana fuskantar gabas don kada yawan jama'ar bayansa ya sa shi girman kai. Da malamin zaɓe ya gama ƙirga layin Hashim, ya zo nasa bai ko buɗe biro ba. Alhaji ya waiwaya. Hajiya Ikilima ce, sai wani tsoho da ya zo shan inuwar rigar.

Ya koma mota, ya rufe ƙofa, ya murza makulli. Ɗan Beljiyam ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru, sanyin ma ya tafi tare da shi. Ga jama'a fal fili, waɗanda ko motar maƙiyi suka gani ta mutu za su tura. Amma mai neman kansila ba ya buɗe ƙofa ya roƙi turi. Alhaji ya ɗaga hannu biyu yana kiransu, gumi na bin wuyansa, yana yi yana ƙarawa.

Mutanen Wambai suka dubi baƙar motar, suka ga ta tsaya tana kallonsu kamar kullum, kowa ya kama hanyar gida.