Injin Zarto da Zariyar Wandona

Ko da zan manta da komai, ranar da na yanke madacin ƙofar gidan surukaina ba za ta fita daga kaina ba. Ko na so in manta ma, mutanen Kurmin Sarki ba za su bar ni ba. Kuma tun yanzu in faɗa muku, ba neman tausayi na zo yi ba.

Surukina, wanda muke kira Baba, tsohon mai sayar da kayan gini ne, irin mutanen da ke auna namiji da kaurin tafin hannunsa. Ni kuwa kullum sammako nake yi in bi motar Abuja, in wuni gaban kwamfuta. Tun da na auri 'yarsa Zulai bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma bai taɓa sa ni aiki ba. Famfo ya lalace, a kira mijin ƙanwarta. Za a feɗe ragon layya, a kira mijin ƙanwarta. Ni nawa gaisuwa ce kawai: in durƙusa, a sa mini albarka, in tashi. Abin yana ci mini rai, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba.

A farkon damina iska ta kayar da tsohon madacin nan, ya kwanta ya tare layin gaba ɗaya, ko babur sai an ɗaga shi. Masu yankan itace suka ce aiki ya yi musu yawa, sai wani makon. Ina zaune Zulai na waya da Baba, ta tambaye shi ko in zo in duba. Wayarta irin mai ƙarar nan ce, don haka da kunnena na ji amsar: "A'a, kada ki wahalar da shi. Hannun biro ne."

Washegari Asabar, na sa shaddata na nufi kasuwa, shagon Oga Chidi, wani Ibo mai sayar da janareto da injinan zarto, wanda ya daɗe a Suleja har Hausa ta zauna a bakinsa. Na fara ɗaukar wani ɗan ƙarami mai kyan launi, bakinsa bai wuce tsawon hannuna ba. Ya tambaye ni kaurin bishiyar. Na ware hannuwa, na ce mutum biyu ba za su rungume ta ba.

"Ah, Oga, ajiye wannan," in ji shi. "Wannan na reshe ne, e go just dey smoke, hayaƙi kawai zai yi ta yi. Babban itace sai babban inji."

Ya jawo wani daga ƙarƙashin tebur, na hannu ne amma lafiyayye. Da aka tsayar da shi, bakin ya kai mini ƙugu. Nauyi kuwa kamar jarkar ruwa cike. (Na ɗaga shi ina murmushi, bayana na kuka.) Ya kai ni bayan shago inda ya ajiye wani kututture, ya nuna mini yadda ake haɗa fetur da mai, yadda ake taka injin da ƙafa a fizgi igiya, na yanka na sake yankawa har hannuna ya saba. Sannan ya yi mini kashedi biyu. Na farko, in cire babbar riga, don in sarƙar injin ta kama ta, da ni za ta haɗa. Na biyu, in na shiga tsakiyar gindin bishiya kada in tsaya, domin itacen zai matse bakin injin ya riƙe, sai an zo da wani injin a ciro shi.

Na ɗauko shi a keke napep. Kafin in sauke, layin ya cika. Na durƙusa na gaishe da Baba, ya dubi injin, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah." Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar katanga.

Tuɓe riga a gaban suruki ma kansa abin kunya ne, don haka na zagaya bayan katanga na cire, na fito daga ni sai singileti da wandon shadda. Zariyar kuwa ɗaurin gaggawa na yi mata bayan alwalar azahar, irin ɗaurin da ya ishi mutum zaman ofis.

Fizga ta farko injin ya tashi, ya yi ƙarar da ta sa awaki suka watse. Na bi rassan ina zubar da su, garin katako na feshi, masu kallo na ja da baya. Wallahi ban taɓa jin daɗin kaina irin na lokacin ba. Na saci kallon Baba, na ga ya daina jan carbi yana kallona. Mata ma sun leƙo daga zaure, har da Hajiya surukata.

Sai na zo kan gindin. Na kafa bakin injin, ya fara nutsewa, jijjigarsa na bi ta hannuwana har cikin haƙora. Ina kusan tsakiya na ji wani sanyi-sanyi a ƙuguna. Zariya ta kwance. Wandon ya fara sauka a hankali, ba gaggawa. Na ware ƙafafu na tare shi a cinya. Ya tsaya. Sai gungumen ya ɗan motsa, dole na ja ƙafar dama baya, shi ke nan, wando ya tafi har idon sawu.

Ga zaɓin da ke gabana, ku ma ku auna. In saki hannu ɗaya in kama wando, injin ya yi tsalle ya raba ni da ƙafa. In kashe shi, itace ya riƙe bakin, a ce ɗan ofis ya zo ya ƙara wa layi kaya. Ko kuma in ci gaba. Na danna mai na ci gaba.

Da a ce gajeren wandon da ke ciki baƙi ne ko fari, da abin ya zo da sauƙi. Amma Zulai ba ta yarda a zubar da ragowar yadi ba. Daga ragowar atamfar bikin ƙaninta tela ya ɗinka mini shi, koriya shar mai manyan furanni ruwan ɗorawa. (Daɗin sawa gare shi, ba zan yi masa sharri ba.) Haka na tsaya a tsakiyar layi, ƙafafu a buɗe, ina yanka, har gungumen ya rabe biyu ya faɗi. Na kashe injin. Sai muryar wata tsohuwa maƙwabciya ta fito sarai:

"Lah, Hajiya, ashe anko kuka yi da surukin naki."

Na ɗaga ido. Hajiya na tsaye a bakin zaure, riga da zane da ɗankwali, duk na atamfar nan koriya mai furanni. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida. Baba kuwa ya ɗaga kai sama yana cewa da alama hadari na haɗuwa a gabas, alhali ko ɗigon girgije babu. Sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, wannan gaskiya ne. Amma ban gudu ba. Na ajiye injin, na jawo wandona, na yi wa zariya ɗaurin da sai da wuƙa aka kwance shi daga baya, na sake fizgar igiya. Kafin la'asar motoci na wucewa ta layin. Duk masu dariyar nan, waninsu bai iya ko ɗaga injin ba, kuma ta kan hanyar da na buɗe suka koma gidajensu suna ba da labarina.

Zulai da ta ji, sai da ta zauna a ƙasa don dariya, sannan ta ce ita da gidansu sai bayan Sallah. Ni ban jira ba. Juma'a na zagayowa na je gaisuwa, ana nuna ni ana cewa ga mai anko nan. Na durƙusa gaban Baba. Ya sa mini albarka, na yunƙura zan tashi, sai ya ce in dakata. Akwai wata ɗorawa da ta bushe a gonarsa ta wajen Sabon Wuse, ko zan samu lokaci ranar Asabar? Na ce in sha Allahu. Bai dube ni ba, ya turo mini wata baƙar leda da ƙafar sandarsa. Sai da na fita na buɗe. Bel ne, sabo, mai kauri.

Don haka mai son sayen injin zarto, ya zaɓi babba in bishiyar babba ce, ban janye wannan ba. Amma kafin ya duba tsawon bakin inji, ya fara duba abin da ke riƙe da wandonsa.