Akwatin Addu'a da Makullin da ke Wuyana

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da aka yi mana bikin sallama a makarantar kwana ta Birnin Kudu ba. Lokacin muna Jihar Kano, kuɗin fetur ya fara shigowa, har an soma ba ɗalibai ƙwai ranar Asabar. Mu Kiristoci ba mu da yawa a makarantar. Muna da zumuntarmu, muna taruwa a wani aji kowace Lahadi da yamma, Malam Yohanna mai koyar da lissafi shi ne uban zumuntar.

Zumuntar tana da wani akwatin katako mai kwaɗo, da 'yar kafa a samansa. Duk wanda wani abu ya dame shi sai ya rubuta a takarda, ya naɗe, ya jefa ciki. Mutum ɗaya ne ke riƙe makulli. Aikinsa ya buɗe kowace Asabar, ya karanta shi kaɗai, ya yi addu'a, ya ƙona takardun. Ina aji huɗu aka ba ni wannan aiki, domin na iya doguwar addu'a da rawar murya (a lokacin na ɗauka abin da ake nema ke nan). Da na karɓa, na ɗaga makullin sama na ce zai zauna a wuyana kamar raina.

Sati biyu ya yi a wuyan nawa. Na sunkuya ina jan guga a rijiyar bayan ɗakin kwana, zaren ya tsinke, na ji ƙaramin sauti a can ƙasa.

Mai hankali zai je ya gaya wa Malam Yohanna, a kira kafinta, a gama magana cikin minti biyar. Ni kuwa na tuna cika bakin da na yi. Sai na zaro makullin akwatin kayana na ɗaura a sabon zare na rataya, har ina barinsa ya leƙo ta saman riga don a gani. Na ce wa kaina sati mai zuwa zan faɗa. Satin nan bai zo ba har shekara biyu.

Kada ku ɗauka abin da wuya. Damuwar ɗan makaranta ba ta wuce jarrabawa. Duk wanda na ga ya jefa takarda, in na gamu da shi sai in dafa kafaɗarsa in ce, "An gani, an kai gaban Ubangiji." Ya yi godiya ya wuce. Da akwatin ya fara cika, sai in bari kowa ya fita in sa tsinken tsintsiya in danna takardun ƙasa. Har abokina Bulus, wanda gadonsa ke kusa da nawa, babansa kuma ma'aikacin ɗakin shan magani ne a Basirka, na yi wa haka. Na ga ya jefa takarda wata Lahadi, washegari na ce masa, "Kada ka damu, lissafin nan za ka ci shi." Ya daɗe yana dubana.

Shirina na ranar sallama mai sauƙi ne: in miƙa makulli, Litinin in hau mota, magajina ya ji da sauran.

An share aji, an dafa shinkafa da miya, abokanmu Musulmi ma sun zo taya mu murna sun cika tagogi. Mu masu fita aka jera a benci na gaba, kowa ya tashi ya faɗi abin da ya samu a zumunta. Wani ya ce a nan ya koyi karatu a gaban jama'a. Wani ya ce a nan ya daina sata a gonar gyaɗar makaranta, aka yi dariya. Bulus ya tashi ya ce shi haƙuri ya koya, ya zauna. Ni da na tashi sai da na ci minti ashirin. Na ce babu Asabar ɗin da ban durƙusa da nauyinsu ba. Na ce akwai takardun da na karanta har hawaye ya ɓata tawadar (wannan ƙarin ban ma shirya shi ba, da kansa ya fito). Wani ɗan aji biyu ya fashe da kuka.

Sai Malam Yohanna ya ce, "Madalla. To, kamar yadda aka saba, a buɗe akwati a kife shi, kowa ya ga an miƙa shi ba komai a ciki."

Kamar yadda aka saba! Ashe ranar da aka ba ni ma an yi haka. Ina can ina gyara wuyan riga ban lura ba.

Magajina, Istifanus, ya karɓi makulli ya zura. Bai shiga ba. Na ce tsatsa ce. Aka aika kicin aka kawo man gyaɗa aka ɗiga. Bai shiga ba. Na ce a juya shi ta ɗaya gefen. Daga taga Sani, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ya ce da zuciya ɗaya, "Kai, wannan ba makullin akwatin kayanka ba ne? Ai da shi na ɗauko maka sabulu jiya."

Aka kira Baba Haruna kafinta. Ya zo da guduma, ya dubi kwaɗon ya ce, "Malam, wannan ai gizo-gizo ya yi gida a cikinsa." Bugu ɗaya ya yi. Da Istifanus ya kife akwatin, da farko ba abin da ya faɗo, saboda dannar da na yi musu. Sai da ya jijjiga suka zubo a dunƙule, kowace a naɗe yadda mai ita ya naɗe ta, wasu sun yi ja, kyankyasai biyu suka fito suka nufi ƙofa. Na so a yi dariya, ba wanda ya yi.

Malam Yohanna bai ɗaga murya ba. Ya tattara takardun a cikin kwali ya ɗora mini a hannu ya ce, "Ba a miƙa aikin da ba a yi ba. Je ka yi, mu za mu ci abinci."

Na zauna a gindin darbejiya ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Jarrabawa, jarrabawa, ciwon haƙori, jarrabawa. Sannan na ga rubutun Bulus. "Innata ba ta da lafiya a Basirka. Ina jin tsoron zuwa ni kaɗai, kuma ba na iya faɗa da baki. In ka karanta, ka raka ni ranar Asabar."

Ita ce takardar da na ce masa zai ci lissafi. Ya tafi shi kaɗai, ya tarar da ita kwance, ta rasu bayan kwana uku. Da ya dawo ni na ja addu'ar ta'aziyya, kuma na tuna ta yi tsawo sosai.

Akwai wasu takardun nasa guda biyar, kowane zango ɗaya, duk magana ɗaya: "In ka karanta wannan, zo ka karɓi ƙuli-ƙuli."

Ina riƙe da su Bulus ya iso da kwanon shinkafa ya ajiye a gabana. Na ce, "Bulus, ashe ka sani."

"Tun ranar lissafi."

"Me ya sa ba ka tona ni ba?"

"Ina jira ka faɗa da kanka," in ji shi. "Ƙuli-ƙulin dai na cinye. Ci abincinka, akwai saura da yawa a kwalin."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, kuma kunyar Bulus ta fi ta ajin duka. Na roƙe shi gafara, ya ce ya wuce, amma ya ce da na raka shi da ya fi.

Yau 'ya'yana suna ƙorafi cewa ba a fita da ni. Duk wanda ya ce, "Baba, a sa mu a addu'a," nan take nake kama hannunsa, ko a tasha ne ko a layin asibiti, in tambaye shi me ya faru, in tsaya sai ya gama faɗa. Wasu gaisuwa kawai suke yi, sai su rasa yadda za su ƙwace hannunsu. Ni dai na daina cewa "an gani" alhali ban buɗe ba.