Yadda Za Ki Karɓo Mayafin Yayarki Daga Wurin Karkanda

Ke da kika ɗauki mayafin yayarki ba da saninta ba, kika tafi yankan ciyawar jinka a bakin kogin Rapti, karkanda ya taso miki, kika jefa masa mayafin don ya tsaya sunsunawa kamar yadda aka koya mana tun muna goye, share hawayenki. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Phulwa ta unguwarmu ta bi ta ana gobe Maghi, babban bikin shekara na garinmu, ga ta nan da ranta, mayafin ma ya dawo. Yawancinsa dai.

Mataki na 1: Ki yi nadamarki a kan bishiya

Nadama a ƙasa ba ta da amfani. Sai da Phulwa ta kai reshen can ƙoli sannan ta tuna ko mayafin wa ta jefar. Ja ne mai bakin zinare. Uwar saurayin yayarta Ramkali ce ta aiko shi, gobe kuma za ta zo ta gan shi a kafaɗar wadda ɗanta zai aura. Ita Phulwa ta yafa ne kawai don mai kwalekwalen fito ya ɗaga kai ya dube ta. Bai ɗaga ba.

Ga karkanda a gindin bishiya, ya take mayafin da ƙafa, yana shinshina shi kamar mai son saye.

Mataki na 2: Ki yi masa ladabi

Masu raka baƙi yawon daji sun ce sunansa a bakin Turawa ƙaho a hanci yake nufi. Kul ki kira shi haka! Ba mai son a yi maganar hancinsa a gabansa. Ki ce Kawu.

"Kawu," in ji Phulwa, "don girmanka ka ɗaga ƙafar nan. Ja ba ya karɓarka."

Kawu ya kaɗa kunne, ya saki tusar da ta tashi tsuntsaye. Masana sun ce hakan alama ce yana tunani.

Mataki na 3: Toshiya

Babba ba ya motsi haka nan. Phulwa ta kwance ƙunshin abincin ranarta, ta wurga gefe. Kawu ya matsa ya cinye curin shinkafar, ya cinye yajin, ya bi da ganyen da aka ƙunso su. Ƙafa ta bar kan mayafi.

Mataki na 4: Lauje da sanda

Ki karyo dogon reshe, ki ɗaure laujenki a bakinsa da igiyar kitsonki. Ki ziro a hankali, ki saƙalo mayafin, ki ja sama. Karkanda ba ya gani sosai, sai dai ji da shinshine. Saboda haka duk abin da za ki yi, kada ki yi atishawa.

Phulwa ta yi atishawa.

Kawu ya ɗago kai, mayafi ya suɓuce daga laujen ya faɗo, ƙaho ya shige ta tsakiyarsa, ƙeee! Ya girgiza kai bai fita ba, sai ya haƙura. Ya juya da ja lulluɓe a ido ɗaya, ya nufi gari yana rangaji.

Mataki na 5: Ki bi shi kamar ba ki san shi ba

Ki bar tazara, ki sunkuyar da kai. Jama'a sun saba ba shi hanya, sai dai ba su saba ganinsa cikin kwalliya ba.

Mai shayi ya ja bencinsa gefe, ya ƙwalo kira: "Phulwa! Wannan ne angon? Kai, kin yi babban kamu!"

Kaka Sukni tana wankin dodon koɗi a ƙofar gida, dariya har da riƙe ciki. "'Yar nan, ai ya fi ki iya yafawa."

"Ni ban san shi ba, Kaka. Hanya ce ta haɗa mu."

Duk dangogin garin, sai a dangar su Phulwa ya ga damar tsayawa ya sosa kai. Mayafi ya maƙale a gora, Kawu ya wuce gonar maƙwabta.

Mataki na 6: Yaya

Ramkali na tsaye a bakin ƙofa, hannu duk garin shinkafa. Ta dubi karkanda, ta dubi danga, ta dubi ƙanwarta. Sai ta kwaso da gudu ta cafke ta, tana laluben kai, tana laluben haƙarƙari.

"Ya taɓa ki?"

"A'a, Yaya."

"Ko'ina? Ɗaga hannun nan in gani."

"Ko ƙwarzane babu."

Ramkali ta rungume ta, ta yi kuka mai isarta, ta fyace hanci. "Madalla. To tsaya nan, kar ki motsa, in ɗauko tsintsiya."

Shawarata: ki motsa.

Mataki na 7: Hudar

An wanke, an shanya, amma hudar ta isa kaza ta wuce. Allura ba ta da abin cewa. Dole Ramkali ta yafa ran biki, dole kuma wata ta tsaya a bayanta ta dunƙule wurin a tafin hannu. Kin san ko wace ce.

Ramkali ta durƙusa gaida surukarta, Phulwa ta durƙusa. Ramkali ta kai tiren abinci, Phulwa ta bi ta. Aka buga ganga ta shiga rawa, ga Phulwa manne a baya tana juyi, idonta a ƙasa.

Surukar ta kai hannu ƙirji. "Ban taɓa ganin ƙanwa mai son yayarta haka ba. Kuma mayafin ya zauna miki, 'yata." Sai ta ɗan ja hanci. "Amma me nake ji haka, kamar warin fadama?"

"Phulwa ce, Inna," in ji Ramkali.

Phulwa ta gyaɗa kai, ba ta saki ba.

Jan kunne

Wadda ta rubuta wannan ba ta san komai a kan reshen da ya karye, ko auren da ya rushe, ko Kawun da ba ya karɓar toshiya ba. In naki ya lalace, kada ki zo ƙofarmu. Ki kai ƙara wurin karkandan, yana bakin kogi da hantsi.