Tsinken Da Ya Hau Mini Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar baje kolin kimiyya a makarantarmu ta 'yan mata a unguwar Hajj Yusuf ba, kafin yaƙi ya watsa mu. Ni ce tsohuwar malamar ilimin halittu, har aka kawo Ustaza Nafisa, yarinya ɗanya shakaf daga jami'a. Kafin zango ya ƙare, ɗalibaina sun koma bin ta kamar jela. Ni kuwa ko muryarta na ji a baranda sai shayina ya fita raina.

An ce kowace malama ta nuna yadda ƙwari ke tsira a muhallinsu. Na jera matattun fara da kunama a kan kwali (tun bara nake nuna su, wata ma ƙafarta ta karye). Ita ta kawo kwalabe da masu rai: buzuzu mai taurin baya da ke hana jikinsa bushewa a rana, da wani mai nutsewa cikin yashi in zafi ya tsananta. Iyaye suka yi cincirindo a teburinta. Mudira ma, shugabarmu, har tana cewa irin wannan ce ta dace da riƙe sashen kimiyya. Sashena!

Sai na hango kwalba ɗaya a teburinta babu komai ciki sai busasshiyar ciyawa. Raina ya yi fari. Na gyara farin tob ɗina, wato mayafin da muke naɗe jiki da shi, na ratsa mutane, na ɗaga murya yadda Mudira za ta ji.

“Ya Ustaza, wannan ya gudu ne, ko ciyawar muka zo kallo?”

Ta buɗe baki za ta yi magana, ban jira ba. Na cire murfin, na zaro tsinke ɗaya na ɗaga sama.

Tsinken ya miƙe ƙafafu, ashe ƙwaro ne. Ya taka hannuna a natse, ya shige cikin tob.

Ban san na iya tsalle haka ba. Na yi ihu, na warware tob ɗin na yar, na ture kwalina da kaina. Nafisa ta tsince shi daga kafaɗata a hankali, ta ce malesh, wato in yi haƙuri, sannan ta bayyana wa iyaye cewa kamar yadda suka gani, kamanninsa da ciyawa ne ke ɓoye shi daga tsuntsaye. Aka tafa mata.

Ita aka ba sashen. Ni kuwa na koyi cewa in hassada ta taso mini, in bar hannuna a cikin tob, in fara sa tabarau.