Kun-Ishe-Mu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kori surukina da bakina ba, yana zaune a tsakar gidana da loma a hannunsa.

Abin ya samo asali ne daga wani kare. Ina noman albasa a Bakolori, wata safiya na je ban ruwa na tarar da shi ya faɗa cikin kwalbati, ruwa na neman shanye shi. Na jawo shi da igiya, duk ƙasusuwa, kunne ɗaya a yage. Niyyata in sake shi ya kama gabansa, sai ya biyo babur ɗina a guje har gidana a Talata Mafara. Na ce to, dama ɓeraye da ɓarayi sun dame ni a rumbun albasa, bari in riƙe shi a can ƙuryar gida, wajen rumbun.

Zama bai zo masa da sauƙi ba. Ko cokali ya faɗi sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana kyarma, abinci kuwa sai ya ga babu kowa yake ci. Na raɗa masa Damisa (kare ne da ko kaza ta harare shi sai ya ja baya), ya ƙi amsawa. Sai wani maƙwabcina a gona ya gan shi, ya ce ai karen wani maharbi ne na Tsibiri da ya tashi ya bar garin. Wai maharbin ya gaji da maƙwabta masu yawan aro, shi ne ya sa wa karen suna Kun-ishe-mu, don ya riƙa yi musu habaici da rana tsaka. Na gwada kira. Nan take kare ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Na yi ta dariya, ban san kaina nake yi wa ba.

Ana haka mahaifin matata Hadiza ya zo daga Bakura, za a yi masa aikin yanar ido. An yi ɗaya, aka ce ya zauna kusa har a yi ɗayan. Baba mutum ne mai tsananin kunya da gudun nauyi. Da ƙyar Hadiza ta shawo kansa ya sauka gidanmu, don a ganinsa kwana gidan suruki abin faɗa ne. Kullum in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Mun ɗora muku nauyi hwa, ku yi haƙuri." Ni kuma sai in sunkuyar da kai in yi shiru, wai ni mai ladabi. Hadiza ta gargaɗe ni kada Baba ya san akwai kare a gidan, don ba ya ƙaunar ganinsu kusa da inda yake salla. Muka ɗaure shi a baya, muka rufe bakinmu.

Ranar da abin zai faru, abokan Baba biyu suka zo dubiya daga Bakura. Bayan la'asar aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka har da man shanu. Na dawo daga gona ke nan, na sa ƙafa a tsakar gida, sai na hango karen nan ya tsinke igiya. Yana tafe a hankali ta bayansu, hancinsa na nufin kwanon miya. Ranar da ya zaɓa ya fara sakin jiki da mutane ke nan!

Ban yi tunani ba, ban yi sallama ba. Na buɗe murya iya ƙarfina:

"Kun-ishe-mu! Kullum ci, kullum ci! Waje!"

Kafin kowa ya waiwaya kare ya yi layar zana, ya shige ƙarƙashin rumbu. Abin da ya rage a tsakar gidan shi ne ni, da hannuna a miƙe ina nuna inda suke, da dattawa uku kowanne da loma a hannu. Ɗaya daga cikin baƙin ya mayar da lomarsa cikin kwano a hankali. Baba ya juyo da idonsa mai bandeji, ya ce, "Mi kac ce?"

A nan ne na ƙarasa kashe kaina. Na zube ƙasa na ce, "Baba, wallahi da kare nike!"

"Awo," in ji Baba. "Ashe mu na karnan."

Ya wanke hannu, ya gyara hularsa, ya kira Hadiza da murya ƙasa-ƙasa. "Ɗauko min jikkata, ɗiyata. Dama na hwaɗa miki." Hadiza ta fito daga kicin tana salati, ta dube ni da wani irin kallo da ban taɓa gani ba tun aurenmu. Na san halin Baba sarai. In ya fita ƙofar nan ba zai sake dawowa Mafara ba, ɗayan idon kuma haka zai tafi da shi kabari.

Ba ni da shaida sai karen, shi kuma ba ya amsa kowane suna sai wannan. Haka na rarrafa zuwa bakin rumbu, a gaban surukina da abokansa, ina maimaita zagin da muryar lallashi: "Kun-ishe-mu... zo mana... Kun-ishe-mu, don Allah." Na riga na tsorata shi, ya ƙi fitowa. Baba har ya sa takalmi ɗaya. Sai da Hadiza ta tsugunna da ƙanzo a hannu ta kira sunan sau ɗaya, sannan ya leƙo da yagaggen kunnensa, ya fito yana jan ciki.

Baƙin nan suka dubi kare, suka dube ni, ɗaya ya fashe da dariya har yana tari. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon karen da idonsa guda, ya tambayi inda na samo shi, na ba shi labari. Ya ce, "Ashe wanga ma baƙo na." Ya cire takalmin ya koma ya zauna, amma ranar bai ƙara cin ko loma ɗaya ba.

Ya zauna har aka yi ɗayan idon. Bai taɓa yarda karen ya matso tabarmarsa ba, sai dai na sha kama shi yana jefa masa sauran tuwo daga nesa. Ranar komawarsa Bakura, idanu biyu garau, ya tsaya a ƙofa ya dubi karen ya ce, "To, mun ishe ku, mun tahi."

Na ce, "Baba, wallahi ba ku ishe mu ba. Gidanku na." Sai da maganar ta fita na lura duk zaman da ya yi ban taɓa faɗa masa haka ba.

Karen yana nan, ya yi ƙiba, har ya koyi haushi. Sunan ne dai ya ƙi sakuwa. Don haka yanzu duk baƙon da ya shigo gidana, kafin in ba shi ruwa sai na fara gabatar masa da kare.